Ashanar kasuwa: a duba gefen kwali kafin a duba tsinke

Wannan sharhi ne a kan ashanar da ake samu a tireda da shagunan 'yan sari: ta itace mai ƙaramin kwali, mai jikin kaki, doguwa ta kicin, da wadda ake yi don iska da ruwa. Ba za mu kama sunan kamfani ba, domin tambari ɗaya kan zo da kyau a wannan katan ya zo da matsala a na gaba, gwargwadon inda aka ajiye shi da daɗewar da ya yi a hanya. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, ashanar itace ta gama-gari har yanzu ita ce ta fi dacewa da gida da teburin mai shayi, amma da sharaɗi. Mafi yawan masu saye suna buɗe kwali su duba yawan tsinke da girman kai, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi saurin lalacewa, kuma abin da masu rage tsada suka fi yi wa ƙwauro, shi ne fentin nan mai ruwan ƙasa da ke gefen kwali, inda ake ƙyastawa.

Dalili kuwa, a cikin kan tsinken irin wannan ashana babu fosfaras, sinadarin da ke fara tayar da wutar, ko kaɗan. Jan launin da ke kan tsinke rini ne kawai, shi ya sa ake ganin mai kai ja, mai ruwan ƙasa, mai shuɗi, kuma duk aikinsu ɗaya. Abin da ke cikin kan shi ne fotasiyam kulorat, wanda ya kai kusan rabin haɗin, sai farar wuta kaɗan, da garin gilashi, da gam mai riƙe su. Kulorat ba makamashi ba ne, aikinsa sakin iskar oksijin idan ya ji zafi, don farar wutar da gam ɗin su ci da ƙarfi. Shi jan fosfaras ɗin a gefen kwali yake, an kwaɓa shi da garin gilashi da gam an shafa. An raba su biyu da gangan. Muddin ba su haɗu ba, kowanne lafiya yake zaune, kuma wannan rabuwar ita ce ta sa ake kiran irin wannan ashana mai aminci.

Idan aka ja tsinke a kan gefen, garin gilashin da ke ɓangarorin biyu yana gogar juna, zafi ya taru a 'yan ƙananan wurare da ido ba ya gani. Wannan zafi yana mayar da ɗan mitsitsin jan fosfaras zuwa farin fosfaras, wanda ke kamawa da kansa da zarar ya ji iska. Tartsatsin ya isa kan kulorat, oksijin ya fito, farar wuta ta kama. Daga nan wutar ta narkar da kakin da aka tsoma saman tsinken a ciki, kakin ya riƙe harshen wuta har itacen ya kama. Matakai biyar ke nan cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma duk wata ashana maras kyau, ɗaya daga cikin matakan nan ne ya faɗi. Akwai kuma fosfaras na biyu a ɓoye cikin itacen: ana jiƙa tsinke a ruwan amoniyam fosfet kafin a busar da shi, don kada ya ci gaba da yin garwashi bayan an hure wutar.

Fari, ja da baƙi

Fosfaras sinadari ɗaya ne mai kama fiye da ɗaya, kamar yadda daimon da bakin fensir duk kabon ne amma halinsu ya sha bamban. Bambancin yana cikin yadda ƙwayoyin suka jeru. Wanda bai fahimci wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa ashana ke mutuwa da damina ba, ko dalilin da ya sa ba ta tashi da kanta a cikin shagon kwano da rana tsaka.

Farin fosfaras ƙwayoyi huɗu-huɗu ne a dunƙule, abin da masana ke rubutawa P4, kuma haɗin nasu a takure yake, shi ya sa yake neman hanyar ɓallewa. Yana da laushi kamar kaki, ana yanka shi da wuƙa, yana narkewa a digiri 44 na ma'aunin Salsiyos, yana kama wuta da kansa a iska tun daga wajen digiri 30. A lura da wannan adadi. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, wato da a ce da fari ake yin ashanar yau, da ajiye katan a shago ya fi haɗari. A ɗakin gwaji cikin ruwa ake nutsar da shi. Yana ƙyalli kore-kore a duhu saboda yana haɗuwa da oksijin a hankali, yana da wari mai kama da na tafarnuwa, kuma guba ne mai tsanani: abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba yana iya kashe babban mutum, ta hanyar lalata hanta. Idan ya taɓa fata yana ci har ƙashi. Shi ne tushen duk sauran, domin shi ake fara samu idan aka dafa dutsen fosfet da gawayin kwal da yashi a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 1,500. Daga gare shi ake yin tsaftataccen asid na fosfaras da sinadaran da ke shiga maganin ciyawa irin su gilaifoset, kuma sojoji na amfani da shi wajen tayar da hayaƙi da ƙona wuri.

Idan aka dafa farin a rufaffen mazubi da babu iska, a zafin da ya kai digiri 250 zuwa sama, na tsawon lokaci, dunƙulen nan suna buɗewa su sarƙe da juna su zama dogayen sarƙoƙi. Shi ne jan fosfaras: gari mai launin ja zuwa ruwan ƙasa, ba ya ƙyalli, ba ya narkewa a ruwa, ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 260, kuma ba shi da irin gubar fari. Ya fi fari nauyi, kusan giram 2.3 a kowace mililita, inda fari yake 1.8. Bayan ashana, ana zuba shi cikin robobin kayan lantarki don hana su cin wuta. Amma yana da aibi guda da ya shafi sharhin nan kai tsaye: a cikin iska mai laima yana haɗuwa da oksijin da ruwa sannu a hankali, ya riƙa zama asid mai jan danshi, tare da sakin ɗan wata iska mai guba da ake kira fosfin. Masana'antar kirki tana wanke shi daga ragowar fari, ta ƙara masa abin da ke kashe asid. Maras kirki ba ta damu ba, kuma watan Agusta ne ke tona mata asiri.

Baƙin fosfaras kuwa ba ruwansa da ashana. Percy Bridgman ne ya fara samar da shi a Amurka a 1914, ta hanyar matse fari da matsin da ya ninka na iskar duniya sau kusan 12,000. Shimfiɗa-shimfiɗa ne, shi ne mafi natsuwa a cikinsu, yana ɗan wuce da lantarki, kuma tun 2014 masu bincike ke ɓare shi falle ɗaya-ɗaya da fatan yin na'urorin lantarki da shi. Akwai kuma mai launin shunayya da wani masani mai suna Hittorf ya samu a 1865. Dukansu kayan ɗakin bincike ne. Idan gefen kwali ya yi duhu sosai har ya kusa baƙi, ba baƙin fosfaras ba ne, baƙin rini ne aka ƙara.

An sha wahala kafin a kai ga wannan rabuwa ta kai da gefe. Hennig Brand ya gano fosfaras a Hambag ta Jamus a 1669, yana dafa fitsari da fatan samun zinariya. Ashanar gogawa ta farko, wadda John Walker ya fara sayarwa a Ingila a 1827, ba ta da fosfaras kuma tana da wuyar kamawa. Da aka sa farin fosfaras a kan tsinke a farkon shekarun 1830, sai ta zama tana kamawa a jikin komai, kasuwa ta buɗe, ma'aikata kuma suka fara ruɓewar ƙashin muƙamuƙi saboda shaƙar tururinsa. Gustaf Erik Pasch na Suwidin ya yi rajistar dabarar mayar da jan fosfaras gefen kwali a 1844, wasu 'yan'uwa masu suna Lundström suka mayar da ita sana'a a garin Jönköping na ƙasar a shekarun 1850. Duk da haka fari bai bar kasuwa nan da nan ba, don ya fi araha. Finlan ta hana shi a 1872, Denmak a 1874. A 1888 'yan matan masana'antar Bryant & May a Landan suka yi yajin aikin da ya ja hankalin duniya, a 1906 aka sa hannu a yarjejeniyar Bern ta hana farin fosfaras a ashana, Amurka kuma ta kashe shi da haraji mai nauyi a dokar 1912.

Ta itace, ƙaramin kwali

Ita ce ta cika kasuwa, kuma da yawa daga kwalayen za a ga an rubuta an yi su a Indiya, inda yankin Sivakasi da Kovilpatti a jihar Tamil Nadu ya shahara da wannan sana'a. Tsinken kan kai santimita 4 zuwa 5, kaurinsa kusan milimita 2, mai kusurwa huɗu. Mai kyau a cikinta ba ta da abin kushewa: tana kamawa a ja ɗaya, harshen wutar ya zauna, ta ba mutum isasshen lokacin kunna risho ko kyandir ko turaren wuta.

Matsalolinta sanannu ne, kuma kowacce tana da tushe. Tsinke mai karyewa, an yanka itacen ne a karkace da jijiyarsa, ko an sirance shi don a sami tsinke da yawa daga gungume ɗaya. Ana gane shi da ido: jikinsa gashi-gashi, wasu a lanƙwashe. Kan da ke fashewa ya yi tsalle yana ci, gam ne ya yi kaɗan ko haɗin bai kwaɓu sosai ba, kuma wannan shi ne aibi mafi haɗari, domin ɗan garwashin kan sauka a zane ko mayafi ko kusa da galan ɗin kananzir. Wutar da ke yin fuu ta mutu kafin itace ya kama, kaki ne bai isa ba. Idan aka ɗaga tsinke mai kyau a haske za a ga saman itacen, kamar santimita ɗaya ƙasa da kai, ya ɗan yi duhu kamar an shafa mai. Idan fari ne fat har zuwa kai, an yi rowar kaki. Tsinken da ke ci gaba da ja bayan an hure shi, har kan da ya ƙone ya gutsure ya faɗi, ba a jiƙa shi da fosfet ba. A gidan da ke da tabarma, katifar soso ko rumfar zana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai babban aibin, gefen da ke ƙarewa kafin tsinke. Kowace ƙyastawa tana cinye ɗan fosfaras, ta kuma bar dattin kan tsinke a wurin. Kwali mai tsinke 40 yana bukatar gefen da zai ɗauki ja fiye da 40, domin ba kowane ja ke kamawa ba. Akwai masu shafa fentin a cike, akwai masu buga shi ɗigo-ɗigo ko a zanen raga. Ɗigon ba laifi ba ne a kansa, har yana da amfani, domin dattin yana faɗawa tsakanin ɗigo maimakon ya toshe fuskar. Laifin shi ne ɗigon da ya yi siriri har ana hango launin takarda ta cikinsa, ko kwalin da aka yi wa fenti a gefe ɗaya kawai. Irin wannan, ana kaiwa rabin kwali gefen ya zama sulɓi, a bar mutum da tsinke 20 masu lafiya da ba su da wurin kamawa. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi kwali biyu don ya ƙarar da tsinken ɗaya bai ci riba ba.

Sauran ukun

Mai jikin kaki takarda ce aka naɗe aka tsoma a kaki, gajeriya, siririya. Jikinta ba ya shan danshi kamar itace, kuma tana daɗewa tana ci fiye da yadda girmanta ya nuna. Sai dai tana lanƙwashewa a hannu, dole a riƙe ta kusa da kai sosai, wanda ke kawo ƙunar yatsa ga wanda bai saba ba. Da bazara kakin yana yin laushi, tsinken ya riƙa naɗewa a lokacin ja. Kanta da gefenta kuwa irin na ta itace ne, don haka wanda ya ɗauka ba ta jin damina ya yi kuskure. Ta dace da aljihu, ba ta dace da kicin ba.

Doguwar ashanar kicin, mai tsawon santimita 9 ko 10, ta fi tsada nesa, kuma ga yawancin aiki ɓarnar kuɗi ce. Inda ta biya kuɗinta shi ne tandar gas ta gasa burodi ko kek, fitilar ƙwai mai zurfi, da kurfoti, wuraren da hannu ke shiga kusa da wuta. A duba gefenta da kyau, don kanta babba ne yana cin fenti fiye da ƙarama.

Ta iska da ruwa, an shafa mata haɗin mai ƙonewa har rabin tsinke, ga kaki a sama. Idan ta kama, iskar hunturu ba ta kashe ta, hurawa ma ba ta kashe ta, sai haɗin ya ƙare. Wannan alheri ne ga makiyayi, masunci da mai kwana a gona, kuma haɗari ne a cikin ɗaki. Tana tartsatsi, hayaƙinta na da kauri. Ba mu ba da shawarar a ajiye ta inda yara suke ba. Rauninta shi ne gefen ƙyastawarta jan fosfaras ne kamar kowanne, idan ya jiƙe tsinken ya zama banza, shi ya sa masu kyau ke zuwa da gefen ajiya a naɗe cikin leda.

Akwai nau'in da ke kamawa a jikin bango ko dutse, wanda ake yi da wani haɗin fosfaras da farar wuta da Faransawa biyu, Sévène da Cahen, suka fito da shi a 1898 don maye gurbin fari. Ba kasafai ake ganinta a kasuwanninmu ba, kuma ba a yi asara ba. Ashanar da ke kamawa da gogar komai tana iya kamawa a cikin buhu a bayan mota.

Abin da damina ke yi

Danshi yana kai hari wuri uku. Gam ɗin kai yana shan ruwa ya yi laushi, sai kan ya murmushe a kan gefe maimakon ya goga. Kulorat yana narkewa a ruwa, kusan giram 7 a cikin mililita 100, don haka kan da ya jiƙe sosai ya bushe yakan fito da farin gari a samansa, alamar haɗin ya rabu, kuma ba zai koma daidai ba. Na uku shi ne gefen, inda jan fosfaras ke zama asid, asid ya jawo ƙarin ruwa, ruwan ya ƙara saurin lalacewar. Gefen da ya kai wannan matsayi yana yin danƙo a yatsa, yana barin ja a fata, wani lokaci takardar da ke ƙarƙashinsa ta yi laushi kamar an jiƙa.

Bambancin yana da amfani a aikace. Tsinken da ya ɗan sha laima kawai yana farfaɗowa idan aka baza shi a faranti aka sa a hantsi na awa ɗaya ko biyu. Kada a ɗora a kan murfin tukunya ko kusa da murhu. Gefen da ya yi danƙo kuwa ya tafi ke nan, rana ba ta mayar da asid ya koma fosfaras. A jefar da kwalin, a yi amfani da tsinken a gefen wani sabo. Man girki ma yana kashe gefe: yatsa mai man gyaɗa ko manja ya taɓa shi sau biyu, gilashin ya daina cizo. Wannan ne ya sa ashanar mai suya da mai tuyar ƙosai ke mutuwa da wuri ko da rani.

Gwajin katan kafin a biya

Ɗan sari ko mai tireda da zai ɗauki katan ya kamata ya ɓata minti goma. A duba gindin katan tukuna, idan akwai tabon ruwa ko kwalin ya yi taushi, magana ta ƙare. A ciro fakiti uku, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa, a ɗauki kwali guda a kowanne. A shafa babban yatsa a gefen: ya kamata a ji kaushi kamar takardar goge katako mai laushi, a bushe, kuma kada launi ya biyo yatsa. A kankara da farce a hankali, idan fentin ya ɓare ya nuna takarda, siriri ne. A tura aljihun kwalin, kada ya zame da kansa idan an juya shi, kada kuma ya ƙi fita. A zube tsinken a ƙirga, a gwada da abin da aka rubuta, a ware marasa kai, masu kai biyu a manne, da karyayyu.

Daga nan a ƙyasta 20 a jere, duka a gefe ɗaya, ana ja daga jiki zuwa waje, kwalin a rufe. Ma'aunin da muke ganin ya dace shi ne, aƙalla 18 su kama a ja na farko ko na biyu, kada ko ɗaya ya yi tsallen kai, kada fiye da ɗaya ya karye. A bar biyar su ci har rabi a hure, a duba a inuwa: jan garwashi ya ɓace cikin daƙiƙa biyu ko uku. A ƙarshe a sake duba gefen da aka yi wa ja 20. Idan har yanzu yana da kaushi, kayan sun yi. Idan ya yi santsi yana ƙyalli, ɗaya gefen ba zai ƙarasa kwalin ba. Wanda ke saye gab da damina zai iya ƙara gwaji ɗaya: ya ajiye kwali ɗaya kusa da randa ya kwana, da safe ya gwada. Mai kyau za ta ɗan yi nauyin kamawa, maras kyau ba za ta kama ba sam.

Ajiya ba ta da wuya. Katan ya hau katako, kada ya taɓa siminti ko ya jingina da bango, a fara sayar da tsohon kaya. Zafin shago ba ya tayar da ita, amma kada a haɗa ta wuri ɗaya da fetur, kananzir ko tukunyar gas, kuma a nisanta ta da ruwan batir, domin asid ɗinsa idan ya ɗiga a kan kulorat yana iya tayar da wuta ba tare da an ƙyasta ba. Masu shagon da ke sayar da batirin sola da kayan masarufi a ɗaki ɗaya su kula da wannan. A gida, robar da ke da murfi mai ɗaurewa ta wadatar, in an sami 'yar jakar nan mai shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani a jefa a ciki. Wajen kunna gas, a ƙyasta ashana tukuna sannan a buɗe, ba a buɗe gas a tsaya neman tsinken da zai kama ba.

Yaro ya tauna kan tsinke ɗaya ko biyu, yawanci ba ya wuce ɓacin ciki. Idan ya ci da yawa a kai shi asibiti ba tare da jira ba, a tafi da kwalin, domin kulorat yana lalata jini da ƙoda. Wasan da yara ke yi na kankare kawunan ashana su cusa a wani abu don ya yi ƙara yana cire yatsa da ido, a hana shi da gaske. Masu tafiya ta jirgin sama, har da alhazai, su sani ba a sa ashana a jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi. Ƙa'idar sufurin sama ta yarda da ƙaramin kwali ɗaya a jikin fasinja, wasu ƙasashe da kamfanoni ma ko wannan ba sa bari, mai kamawa a jikin komai kuma haramun ce gaba ɗaya.

Tsakanin ashana da laita, ga mai shan wahalar iska ko mai kunna wuta sau da yawa a rana, laita ta fi sauƙi. Amma laitar roba mai araha tana yoyo, tana iya fashewa idan aka bar ta a gaban mota da rana ko a gefen murhu, kuma harshenta yana lasar yatsa idan aka karkata ta cikin risho. Ga uwargida mai gas ko risho, ashanar itace mai gefe biyu a cike, a cikin roba mai murfi, ita muka fi so. Mai shayi da mai suya su sayi fakiti, su riƙa fito da kwali ɗaya-ɗaya, sauran su zauna a leda nesa da tururi da mai. Mai tafiya daji ya ɗauki ta iska, ya yanke gefen wani kwali ya naɗe shi daban a leda, fuskar fentin tana kallon ciki, kada ta gogi kawunan.